Abin da mai keke ya koya mini a kan gadar Legas

Ina shekara ta uku a karatun gashin ƙashi aka nemi masu aikin sa-kai a gasar gudun fanfalaki ta Legas, na ba da sunana. Tun 2016 aka fara gasar nan, yawanci ana yin ta a watan Fabrairu, tazarar kilomita 42 da 'yan mitoci. A shekarar da na je, daga filin wasa na ƙasa da ke Surulere aka tashi zuwa Eko Atlantic a bakin teku. Mu kuma aka ajiye mu a kan gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, sama rana ƙasa ruwa, babu inuwa ko kaɗan.

Tun kafin asuba na bar Idi-Araba da jakar bandeji da man zafi, a raina ina cewa yau zan taɓa ƙafar zakaru. Ina! 'Yan Kenya da Habasha suka zo suka wuce kamar walƙiya, 'yan Filato na biye da su. Abin da suke so a wurinmu kofin ruwa ne kawai, shi ma da ƙa'idarsa: ka miƙe hannu, ka riƙe shi da bakin yatsu, kada ka motsa, su za su fizga.

Wanda ya tsaya mini a rai wani mai keken guragu ne. A ɗan hawan gadar na ga gudunsa ya mutu. Safar hannunsa ta yage wajen babban yatsa, jini na tsattsafowa, kafaɗunsa na rawa, duk turi ɗaya sai ya yi nishi. Tausayi ya kama ni, na ruga ta bayansa zan tura shi. Ashe ɗan uwa ne Bahaushe. Ko waiwayowa bai yi ba ya daka mini tsawa: "Malam, kar ka taɓa! Cire ni za a yi!"

Na tsaya cak, hannuna a sama. Sai daga baya shugabar tawagarmu ta yi mini bayani: a dokar tsere, wanda aka tura ya fita daga gasa. Wato da na bi zuciyata, da atisayen watanni ya tashi a banza ta dalilina, ni kuwa na koma gida ina ganin na yi aikin lada. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Abin da ya nema ɗan ruwa ne a zuba masa a ƙeya. Na zuba, ina tafiya a gefensa, har ya haye da ƙarfinsa.

Ragowar yinin na masu tafiya a ƙasa ne da waɗanda jijiya ta ɗaure wa. A nan na koyi kwantar da wanda jiri ya kayar a ɗaga ƙafafunsa, da kuma cewa ɗura wa mai gudu ruwa ba ƙaƙƙautawa na iya rage masa gishirin jini har ya galabaita.

Da muka koma asibiti aka ba ni wani dattijo mai shanyewar ɓarin jiki. Yana ta fama da maɓallin rigarsa, yatsun na zamewa. A da, tuni na saka masa. Ranar na haɗa hannuwana a baya na ce, "Baba, a hankali, ina nan." Sai a karo na biyar maɓallin ya shiga. Ya ɗago ya dube ni, ya kama na biyu.