Daga Atlanta zuwa Birmingham saboda karta

Da Yaya ya ce mu raka makwabciyarsa wasan karta a Birmingham ta Amurka, dariya na yi. Mu da muka taso ana korar mu daga gindin bishiyar da ake buga karta, ana cewa aikin 'yan caca ne, yau za mu yi tafiyar fiye da kilomita 200 saboda ita? Ya ce, "Ke dai sa mayafinki, ki ga abin da idonki."

Tsohuwar Baƙar Amurka ce, ta haura tamanin, kowa Mama yake kiranta. Muka bar Atlanta da safe, muka miƙi babbar hanya mai lamba 20, itatuwa dama da hagu har ido ya gaji. Muna shiga jihar Alabama agogon wayata ya ja baya da awa ɗaya, na ɗauka lalacewa ta yi.

A mota ta fayyace mini wasan. Sunansa birij. Mutum huɗu ne, biyu-biyu, kana fuskantar abokin wasanka, a raba karta 52, kowa ya samu 13. Ba kuɗi ake zubawa ba, maki ake tarawa. Sai ta buɗe jaka ta miƙo mini wata takarda da ta sha ninki, kwafin tsohuwar dokar birnin da muka nufa: haramun ne baƙi da fari su yi wasan karta, ko domino, ko dara tare. Sau biyu na karanta. Wato hukuma ta zauna, ta ɓata tawada, don kada hannun baƙi ya taɓa kartar da fari zai ɗauka.

Tun da an hana baƙaƙe shiga gasar birij ta Turawa, sai suka kafa tasu. A 1932, wasu baƙaƙe 'yan wasan tanis da suka haɗu a bakin tekun Buckroe, jihar Virginia, suka assasa ƙungiyar birij ta baƙaƙe mai suna ABA, wadda hedikwatarta take Atlanta. Babbar ƙungiyar birij ta ƙasar, ACBL, wadda aka kafa a 1937, sai a 1967 ta kawar da shingen ƙarshe da ya tare baƙaƙe. Na tambaye ta, "To Mama, da aka buɗe ƙofa, me ya hana ku koma can gaba ɗaya?" Ta dube ni ta saman tabarau. "'Yata, don maƙwabci ya ce ki shigo, sai ki rushe ɗakin da uwarki ta gina?" Ita katin ƙungiyoyin biyu ne a jakarta.

Kafin wasan mun tsaya a cocin titi na 16, inda bam ya kashe 'yan mata huɗu a 1963. Ba wanda ya ce uffan.

Zauren wasan kuwa wani ɗaki ne a bayan wani coci, tebura kamar goma, ga shayi da biskit a gefe. Abin da ya fi ba ni mamaki shirun. Ba ihu, ba doka karta a tebur irin na 'yan wot ɗinmu. Kowa ya zaro ɗan kati daga akwati ya ajiye, shi ne cinikinsa, wato yadda yake sanar da yawan zagayen da yake ganin shi da abokinsa za su ci. Yawancinsu baƙaƙe ne, amma abokin wasan Mama wani Bature ne mai sanƙo, hannunsa na rawa. Da ya yi kuskure ta harare shi harara mai kyau, ya sunkuyar da kai kamar ɗalibi gaban malama.

Na uku suka zo. Tun daga Birmingham har fitilun Atlanta suka bayyana, mitar kartar da ya jefa take yi.