Abin da kai piza a Abuja ya koya mini

Na miƙa makullin babur ƙarshen watan jiya. Tunda samarin unguwarmu suna ta tambayata ko su shiga harkar, gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji.

Rana da ruwan saman Agusta duk ana jure su. Agogo ne yake cin mutum. Manajanmu yana fara ƙirga minti talatin daga sanda kwastoma ya kashe waya, ba daga sanda kwali ya shigo hannunka ba. Daren Juma'a oda takan taru a kicin, piza ta yi minti ashirin ba ta fito daga tanda ba, sannan a miƙo maka a Wuse 2 a ce Gwarinpa. Ka isa bakin get, maigadi ya ce sai maigidan ya yi magana, maigidan kuma ba ya ɗaga waya. Kana tsaye cukwi yana daskarewa a cikin jaka. In aka yi ƙorafi, albashinka za a zaftare. Watan da abin ya ishe ni na sami manajan cikin ladabi na ce, "Oga, don Allah a duba takardar kicin." Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce masu neman aikin suna nan jibge a bakin ƙofa.

Wannan tsoron ne ya sa wani abokin aikinmu ya tsallake danja wajen Mabushi, mota ta kwashe shi, ya karye a ƙafa. Mu muka haɗa kuɗin asibiti. Manaja kuwa lissafin gyaran babur ya fara kawowa. Ko a Amurka, kamfanin piza na Domino's da ya yi suna da alkawarin minti talatin ya janye shi tun 1993, bayan kotu a St. Louis ta ba wata mata da direbansu ya buge diyyar dala miliyan 78. Mu a nan har yau da ƙashinmu ake cika alkawarin.

Don haka in ka shiga, ɗauki hoton rasit da lokacin da aka ba ka kaya. Tun ranar farko ka ji wa zai sayi mai, domin da aka cire tallafi a 29 ga Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin manmu kuwa ya yi watanni bai motsa ba. Takardunka su cika saboda 'yan VIO masu duba ababen hawa. Kada ka bar ƙofar mutum sai alat ya shigo. Ka riƙa gaida masu gadi, su ne suka san gidan da taswirar waya ba ta sani ba.

Ban taɓa buɗe kwalin kowa ba, ko naira ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannuna ba, manajan ma ya sani. Albashin watan ƙarshe kuwa har yanzu ina bin sa.