Z3 ɗin da ta raba ni da gareji

Satin nan na kwashe akwatin sufanuna daga garejin da na yi shekara tara a cikinsa. 'Yan layinmu duk sun ji abin da ya faru, ko dai in ce sun ji abin da aka faɗa musu, shi ya sa nake so ni ma in faɗi nawa, ko don yaran da ke tasowa a bayanmu.

Motar BMW Z3 ce, 'yar ƙaramar nan mai kujera biyu da ake buɗe samanta, ƙirar 1997, injinta M44 mai filogi huɗu, lita 1.9. Mai ita matashi ne ɗan gidan masu hali daga wajen Unguwar Rimi, cikin yaran nan masu wasan mota in ana biki. Ya ce motar kyau kawai gare ta, in ya taka totur ba ta amsawa, abokansa masu BMW 328 wuce shi suke kaman yana tsaye. Kuma yana da gaskiya, ƙarfin doki 140 ne a cikinta. So yake a sauke wannan a ɗora mai filogi shida.

Oga ya karɓi aikin ya miƙo min. Wallahi na ji daɗi ranar, don irin aikin da bakanike ke jira ne shekara da shekaru, ba canjin baƙin mai da birki kullum ba. Muka tsaya a kan injin BMW mai filogi shida da ake kira M52, lita 2.8, doki 193, tunda BMW da kansu sun fitar da Z3 mai wannan injin, ka ga ba sai an yanka gaban mota ba. Na yi kwana uku ina zarya Ori-Apata, kasuwar kayan mota ta Kaduna, har na samu ɗan Baljiyam mai kyau, da giyabos ɗinsa na ZF da wayoyi da burenbos, wato kwamfutar injin, duk a haɗe. Sati biyar na yi a kai, wani lokacin sai bayan isha'i nake wanke hannu. Ranar da ta tashi bugu ɗaya duk yaran gareji sai da suka bar aikinsu suka zagaye ta.

To matsalar ba a gaba take ba, a baya take.

Wanda bai taɓa shiga ƙarƙashin Z3 ba ba zai gane ba. Bak-aksil ɗinta daga baya kunne ɗaya tak ya riƙe shi, kunnen kuma yana jikin wani ƙarfe ne da aka liƙa a ƙasan but da waldar ɗigo-ɗigo irin ta kamfani, kuma ƙasan but ɗin falle ne ba wani kauri ba. Duk sanda direba ya saki kuloci da ƙarfi, aksil ɗin yana fizgar wannan kunnen ne. Tsohon injin ƙarfin murɗawarsa 180 ne, sabon 280, a kan kunnen nan ɗaya, a mota mai shekara sama da ashirin da ta sha ramukan Kaduna. Ranar da nake haɗa furofela na ce bari in leƙa, na buɗe but na ɗaga kafet na haska da tocilan ɗin waya. Ɗigon walda huɗu na gani a ɓangaren hagu sun fara ɗagowa, fenti ya tsage a zagaye da su kaman an zana da biro, tsatsa ja ta fito a bakin kowanne. Na sa babban yatsa na danna wajen, na ji yana motsi. Gabana ya faɗi.

Na je na samu oga a ƙarƙashin bishiya yana cin abinci, na durƙusa na ce Oga akwai magana a kan Z3, bayanta ba zai ɗauki injin nan ba sai an sauke aksil an yi mata faci da ƙarfe mai kauri an ƙara kunne na biyu, in da hali ma a canja aksil ɗin gaba ɗaya a sa babba irin na mai 2.8. Bai ma ɗago ba. Ya ce kuɗin inji aka biya ko kuɗin but? Na ce Oga a faɗa wa mai motar ai zai biya. Ya ce kai yaro ni zaka koya wa mota, tun ana haɗa Fijo 504 a Kakuri nake riƙe da sufana, mun riga mun yi ciniki da mutum kuma yanzu in koma in ce ya ƙaro, so kake a ce ni macuci ne? Rufe but ɗin nan.

Na rufe.

Amma ba wannan ne ke hana ni barci ba. Ranar da mai motar ya zo ɗauka, ya zagaya ta yana murna, sai ya juyo ya kalle ni, ni ɗin nan ba oga ba, ya ce Malam akwai wani abu da ya rage da ya kamata in sani? Na kalli oga, oga ya kalle ni. Na ce babu yallaɓai, Allah ya tsare hanya. Da bakina na faɗa. Na san abin da ke ƙarƙashin kafet ɗin nan, na taɓa shi da hannuna, mutum ya tambaye ni tsakani da Allah na ce babu, saboda kunyar maigida da tsoron kar a ce na yi masa tsallake. An koya mana biyayya kuma ina ganin darajarta har gobe, amma ran mutum ne zai hau motar nan.

Sati uku ta yi. Ranar wata Asabar da yamma sai ga ta a bayan janwe. A baifas ɗin Nnamdi Azikiwe ya ba ta wuta daga tsaye, ya ji ƙara kaman an buga guduma, bayan motar ya fara rawa. Allah ya kiyaye bai riga ya ɗau gudu ba kuma babu tirela a bayansa, wanda ya san hanyar nan ya san me nake nufi. Da na shiga ƙasa, ƙarfen ya yage daga jikin but tsawon tafin hannu biyu, aksil ya sunkuyo yana lilo, ta cikin but kana hango ƙasa.

Mai motar ya zo da yayansa ransu a ɓace. A gaban yara, a gaban maƙwabtanmu masu fenti da masu waya, oga ya nuna ni ya ce wannan yaron ne, sau biyu ina ce mishi ya duba ƙasan motar nan ya ce lafiya lau take. Na buɗe baki na kasa cewa komai, don in na ce ƙarya ne sai a tambaye ni to kai me ka ce ranar da aka tambaye ka. Shirun da na yi ranar farko shi ya ɗaure ni a rana ta biyu. Aka ce gyaran daga aljihuna zai fita, wata uku ban karɓi ko sisi a kason aikina ba, lokacin kuma matata na da tsohon ciki.

Ni na gyara ta. Na sauke aksil, na cire tankin mai gefe don ba a walda kusa da fetur, na je Panteka aka yanko min farantin ƙarfe daidai awon da na zana a kwali, muka zauna da wani dattijo mai walda dare huɗu, muka ɗinke tsagar muka liƙa faci muka sa kunne biyu. Aksil babba ma na samo na ɗora.

Sauran abubuwan da na koya a aikin ba su da yawa. In zaka sayi injin BMW na waɗannan shekarun ka karɓo makulli da akwatin EWS, wato na'urar tsaron da ke tantance makulli, da burenbos na mota ɗaya, in ba haka ba zata yi ta juyawa ba zata tashi ba. Lagireto da fanka na mai filogi huɗu ba za su iya da zafin watan Maris ba. In ka ƙara doki ka ƙara birki. Kuma duk abin da ka gani a motar mutum ka ɗauki hoto ka tura mishi a WhatsApp da kanka, ko maigidanka zai ji haushi ya ji, musamman in maigidan irin wanda in abu ya yi kyau nasa ne in ya ɓaci na yaro ne.

Na jira sai da na gama biyan bashin tas sannan na yi sallama, don kar a ce gudu na yi. Na samu 'yar rumfa a wajen Mando, yara biyu sun ce za su biyo ni. Shekaranjiya na hango Z3 ɗin a kan titin Ali Akilu an buɗe samanta, ta tashi daga danja da ƙarfi bayanta ko gezau. Har yau a wajen oga yake kai ta sabis, don abin da aka faɗa mishi shi ne yaro ya ɓata, oga ya gyara.