Kafin Ka Danna Maɓallin Kwantar Da Kujera

Duk wanda ya taɓa yin awa 10 ko 12 zaune a sashen gama-gari na jirgin sama ya san akwai wani lokaci, bayan an kwashe kayan abinci an rage hasken fitilu, da kowa yake fara neman inda zai ajiye jikinsa. Wani ya miƙe ƙafa har cikin hanyar wucewa, wani ya kwantar da kujerarsa har iyakarta ba tare da ya waiga ba, wani kuma ya kafa gwiwar hannunsa a kan hannun kujera kamar gadonsa ya gada. Ni dogo ne, gwiwoyina suna taɓa bayan kujerar da ke gabana tun kafin kowa ya motsa, saboda haka na daɗe ina juya wannan al'amari a raina. Abin da na tsaya a kai shi ne, yawancin ɓacin ran da ake samu a cikin jirgi yana faruwa ne saboda mutane sun ƙi buɗe baki su yi wa juna magana a kan wurin da dole su raba.

Yana da kyau a fara sanin girman wurin da ake rikici a kansa. Kamfanonin jiragen sama suna auna tazara ne daga wani wuri a jikin kujera zuwa daidai wannan wurin a kujerar da ke gabanta, kuma a yawancin jiragen da ke tafiya mai nisa tazarar takan kama daga inci 30 zuwa 32, wato kimanin santimita 76 zuwa 81. A cikin wannan adadin har da kaurin kujerar kanta, don haka abin da ya rage wa ƙafa bai kai haka ba. Faɗin kujerar kuma yakan tsaya tsakanin inci 17 da 18. Jirgin Boeing 777, wanda ya fara ɗaukar fasinjoji a 1995, da kujeru 9 a kowane jeri aka san shi, amma yau kamfanoni da yawa sun mayar da su 10. Jikin jirgin bai ƙara faɗi ba, kafaɗun mutane kuwa ba su tsuke ba, kowa sai aka ɗan yanke masa daga rabonsa.

Wurin da ya fi jawo husuma shi ne 'yan incin da ke bayan kujera. Wanda ke gaba yana ganin nasa ne, tun da maɓallin a hannunsa yake kuma da kuɗinsa ya sayi kujerar da ke kwantawa. Wanda ke baya shi ma yana ganin nasa ne, domin a nan gwiwarsa take, a nan ɗan teburinsa yake, a nan kuma allon da yake kallo yake maƙale. Dukansu biyu suna da gaskiya, domin a zahiri wuri ɗaya aka sayar wa mutum biyu, aka bar su su sasanta kansu. Shi ya sa duk gardamar da aka gina a kan tambayar wane ne mai haƙƙi ba ta ƙarewa.

A watan Agusta na 2014, a wani jirgin United da ya tashi daga Newark zuwa Denver a Amurka, wani fasinja ya maƙala wata 'yar na'ura mai suna Knee Defender a hannuwan teburinsa, wadda aikinta shi ne hana kujerar gaba kwantawa. Ma'aikaciyar jirgi ta nemi ya cire, aka yi ta ja-in-ja, matar da ke gabansa ta watsa masa ruwa, daga ƙarshe aka karkatar da jirgin zuwa Chicago aka sauke su biyun. Abin da ya fi tsaya mini a wannan labari shi ne an ɓata wa dukan mutanen da ke cikin jirgin tafiyarsu a kan tazarar da ba ta kai tsawon tafin hannu ba. Mai na'urar ya zaɓi ya kulle kujerar maƙwabciyarsa a ɓoye maimakon ya gaya mata damuwarsa, kuma da zarar an fara da ƙarfi, sai kowa ya ga janyewa kamar shan kaye ce.

Ba na cikin masu cewa a daina kwantar da kujera gaba ɗaya. A tafiyar awa 1 ko 2 mutum zai iya haƙura ya zauna a miƙe, amma a tafiyar dare ta awa 12 neman hakan daga dattijo mai ciwon baya ko mace mai juna biyu rashin tausayi ne. Abin da nake nema bai da yawa. Mutum ya jira a gama cin abinci a kwashe kayan, domin ɗan teburin na baya yana jikin kujerarsa, kuma tura kujera da ƙarfi yana iya kifar da abin sha mai zafi a cinyar mutum ko ya matse allon kwamfutarsa har ya tsage. Sannan ya waiga ya ga wane ne a bayansa, ko mai dogayen ƙafafu ne, ko uwa ce riƙe da jariri a cinya, ya faɗi kalma ɗaya, ya kwantar a hankali, kuma ba lallai sai ya kai ƙarshe ba. Shugaban kamfanin jiragen sama na Delta, Ed Bastian, ya faɗi makamancin haka a 2020 lokacin da wannan muhawara ta sake tashi: fasinja yana da damar kwantar da kujerarsa, amma abin da ya dace shi ne ya fara tambaya.

Na ga amfanin wannan da idona. A wata tafiyar dare, wani dattijo da ke gabana ya juyo bayan an kashe fitilu ya ce, "Ɗana, bayana yana damuna, zan ɗan kishingiɗa, in na matse ka ka taɓa ni." Na janye ƙafafuna gefe, ya kwantar da kujerar rabi ya tsaya. Wurin da ya rage mini bai fi na kowace tafiya ba, gwiwoyina sun yi tsami kamar kullum, amma ban ji ko ɗigon haushi ba har muka sauka. Masu iya magana sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a wurin da babu tabarmar da za a shimfiɗa, fuskar ce kawai ta rage wa mutum.

Na baya ma yana da nasa nauyin, kuma mu dogaye mun fi kowa buƙatar a tuna mana. Tokare bayan kujera da gwiwa don a hana ta kwantawa zalunci ne, haka nan kama kan kujerar gaba a ja da ƙarfi lokacin miƙewa, wanda yake fizgo mai barci daga barcinsa, ko dannan allo da yatsa kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, alhali allon a bayan kan wani mutum yake. A kuma tuna cewa kujerun jerin ƙarshe da waɗanda ke gaban ƙofar gaggawa sau da yawa ba sa kwantawa, don haka mazauninsu ba shi da inda zai ja da baya idan aka matse shi daga gaba.

Maganar hannun kujera kuwa a wurina a yanke take: na tsakiya ne ya fi cancanta da duka biyun, domin na bakin taga yana da bango da zai jingina, na bakin hanya yana da sararin da zai miƙe ƙafa. Buɗe gwiwoyi su ƙetara zuwa gaban maƙwabci, da zura ƙafa ta tsakanin kujeru har ta taɓa hannun na gaba, waɗannan ba su da wani uzuri.

Akwai wani ɓangare da ya wuce ladabi ya shiga lafiya, shi ne tashi a taka ƙafa. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon binciken da ya nuna cewa haɗarin daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa yana ninkawa kusan sau 2 ga wanda ya zauna ba motsi na tsawon awa 4 ko fiye, duk da cewa haɗarin a kan kansa ƙarami ne, kusan mutum 1 cikin 6,000. Jini yana komawa zuciya daga ƙafa ne da taimakon matsawar tsokar sha-raɓa, kuma idan aka naɗe ƙafa aka zauna shiru, sai ya riƙa taruwa a ƙasa, shi ya sa takalmi yake matse mutum a ƙarshen tafiya. Na sha ganin mutane a bakin taga suna ƙin shan ruwa don kada su tashi maƙwabcinsu, suna daurewa awa bayan awa saboda kunya, kuma wannan yana ɓata mini rai ƙwarai. Wanda ya zaɓi kujerar bakin hanya ya karɓi aikin mai tsaron ƙofa tare da ita, ya kamata ya miƙe ba tare da ɗaure fuska ba, har ma ya gaya wa na ciki tun farko cewa su tashe shi ko da yana barci. Na cikin su ma su yi la'akari, su tashi lokacin da suka ga ya miƙe, kada su tsallaka ta kansa.

Idan magana mai daɗi ta gaza, ma'aikatan jirgi ake kira, ba a rama da hannu. Yarjejeniyar Tokyo ta 1963 ta ba kyaftin ikon tsare fasinjan da ke barazana ga tsaro ko tsari a cikin jirgi, da kuma sauke shi. Umarnin miƙar da kujera lokacin tashi da sauka ma ba na alfarma ba ne, domin ana gwada manyan jirage a kan kwashe kowa cikin daƙiƙa 90 ta rabin ƙofofinsu, kuma kujerar da ke kwance tana tare wa na baya hanyar fita.

Yanzu ba na jira a matse ni kafin in yi magana. Da zarar mun zauna, kafin jirgi ya motsa, nakan gaishe da na gabana in ce, "Don Allah, ƙafafuna dogaye ne, idan za ka kwantar da kujera ka ɗan sanar da ni in gyara." Wasu sukan waigo su dubi gwiwoyina su ce rabi ya ishe su, wasu kuma sukan kwantar har ƙarshe bayan sun ɗaga mini hannu, ni kuma in tura jakata can ƙarƙashin kujera, in karkata ƙafafuna, in nemi barcina.