Talata a ofis: ni da axios da lodash

Sanyin Jos na yau kam ba a magana, daga Bukuru har na iso ofis yatsuna ba su saki ba, sai da na rungumi kofin shayi kafin na iya taɓa kibod. Ban gama zama ba oga ya leƙo, wai akwatin bincike yana aiki lafiya lau a manhajar makarantar nan amma a ta kantin magani sai hauka yake, ka rubuta abu ya kawo maka sakamakon abin da ka rubuta ɗazu, alhali kod ɗin ɗaya ne, kwafo shi ma aka yi. Na ce oga a ba ni zuwa azahar, ina zargin kayan aro ne.

Mu dai ba ma rubuta komai daga tushe, laburaren mutane muke jawowa, kowanne da lambar sigarsa, an jera su cikin package.json. To ayyukan namu sun taru, kowa ya fara nasa a shekarar da ya fara ya ɗauki abin da ya tarar, babu mai waiwaya. Buɗe su ɗaya bayan ɗaya kuwa aikin wahala ne, shi yasa na rubuta ɗan sikirif na bash, wato jerin umarni da kwamfuta za ta bi da kanta, da ƙananan kayan aiki irin su find, jq, sort da awk. find ya zagaya ya nemo duk package.json, amma dole ka ce masa ya tsallake node_modules, inda ake jibge laburaren aro, da -prune, in ba haka ba dubban fayiloli zai kwaso maka na wasu mutane. Sai jq ya zaro dependencies da devDependencies, wato jerin laburaren da aikin ya ara, suna da siga da sunan aiki a layi ɗaya, sort ya jera, awk kuma ya bar min waɗanda suka fito da siga fiye da ɗaya kawai. Wajen jera lambobin sort -V na sa, sabo da shi ne ya san 1.10 ya girmi 1.9.

Da na danna enta wallahi sai da na yi dariya. Allon ya cika.

Mai laifin axios ne, laburaren da ke aika buƙata ta intanet ya karɓo amsa. Aikin makaranta yana kan 1 da wani abu, na kantin magani kuma ^0.21.1. Kod ɗin yana soke tsohuwar buƙata da AbortController duk sanda mutum ya ƙara harafi, shi kuma axios sai a 0.22.0 ya fara gane wannan, na ƙasa da haka ko kuka ba zai yi ba, kawai ya share ka ya ci gaba, sai amsar tsohuwar buƙata ta iso a makare ta hau kan sabuwa. Yarinyar nan mai bautar ƙasa ta ce yaya ai akwai ^ a gaba, ba shi ne ke sa ya sabunta kansa ba? Na ce eh ƙanwata, amma in lambar farko sifili ce to ^ ba ya wuce ta tsakiya, wato 0.21 ɗin nan zai yi ta zama a ciki har abada, duk da 1.0 ya fito tun Oktoban 2022.

Abin da ya fi damuna ma lodash ne, wani laburaren ƙananan kayan aiki. A package.json an rubuta ^4.17.15, a ido ka ce shikenan zai hau 4.17.21 da ya fito a Fabrairun 2021 ya toshe wani ramin tsaro a sashensa na template. Ina! package-lock.json, wato lok, fayil ɗin da ke riƙe ainihin sigar da aka saka, ya ɗaure shi a 4.17.15, kuma npm ci, umarnin da ke sako laburaren, abin da lok ya ce shi yake sakawa, ba ruwansa da fatan alherin da ke cikin ɗaya fayil ɗin. Kamar lisin cefane ne da abin da aka shigo da shi kicin. Sai na ƙara wa sikirif ɗin zagaye na biyu ya karanta lok, nan ma da ɗan ciwon kai don tsofaffin lok a ƙarƙashin dependencies suke ajiye abin, na npm 7 zuwa sama kuma akwai packages, dole jq ya duba duka biyun. Na tuna Disamban 2021 lokacin da aka gano babban ramin tsaro a laburaren Log4j, manyan kamfanoni ma abin da ya fara ba su wuya shi ne sanin inda abin yake a cikin kayansu.

Bayan la'asar aka ɗauke wuta, muna jiran janareta gardama ta tashi. Abokin aikina wai tunda mun gani a ɗaga komai gaba ɗaya yau a huta. Ni ban yarda ba sam. lodash da axios na gyara, na yi gwaji, akwatin bincike ya dawo hayyacinsa. Amma ayyukan da ke kan React 17, laburaren da ake gina fuskar manhaja da shi, a ce a maida su 18 da yammacin Talata, ba gwaji na kirki, mutane kuma suna amfani da su gobe da safe? Bambanci kawai ba cuta ba ne, wani ya ƙyalu har a samu lokacinsa.

Oga ya ce in sa sikirif ɗin a cron, mai tayar da aiki da kansa a kan lokaci, ya riƙa turo mana jerin duk Litinin. Na sa. Na kuma tambaye shi wa zai biya kuɗin aikin React ɗin, mu ko masu manhajar, ya ce a bari sai an yi mitin ran Alhamis.