Shafi nasa ne, makulli ma nasa ne

Lokacin da na fara karɓar aikin haɗa wa mutane shafukan intanet, na ɗauka sana'ar duka a kan kala da tsari ta tsaya: inda tambarin kamfani zai zauna, irin rubutun da zai dace da kanun shafi, yadda hoto zai fito tsaf ba tare da ya danne bayani ba. Kwana nake yi a kan waɗannan abubuwa, kuma har gobe ina jin daɗin wannan ɓangaren. Sai dai darasin da ya fi zauna mini a rai ya zo ne ta wata hanya dabam, wata safiya da wani dattijo mai ƙaramin kamfanin jigilar kaya ya kira ni a waya.

Bayan mun gaisa sai ya ce, "Ɗana, kwana uku ke nan ko saƙo ɗaya bai shigo imel ɗin ofis ba. Yaran sun ce shafin ma ba ya buɗewa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni minti goma in duba."

Ko minti biyu ban yi ba na gano matsalar, gabana ya faɗi. Adireshin shafin, wanda mu 'yan sana'a muke kira domen, wa'adinsa ya ƙare. Shi domen ba a sayensa a mallaka har abada, haya ake yi, shekara-shekara, kuma irin mai ƙarewa da .com ba a iya biyan fiye da shekara 10 a gaba. Shekarar da na haɗa wa dattijon shafin, ni na yi rajistar da sunana da imel ɗina, don kawai in rage masa wahala. Daga baya na daina amfani da wancan imel ɗin, katin bankin da na ɗora ma ya tashi aiki. Dokar hukumar ICANN, mai sa ido kan sunayen adireshi a intanet, ta wajabta wa kamfanonin rajista su aika tunatarwa kusan wata ɗaya kafin ƙarewar wa'adi, su sake aikawa saura mako guda. Sun aika kuwa. Saƙonnin suna nan kwance a akwatin da ba wanda ke leƙawa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne imel ɗin kamfani a jikin domen yake rataye. Idan domen ya tsaya, shafi ya tsaya, saƙonni ma su rasa inda za su sauka. Mutumin da harkarsa ta dogara ga takardun kaya da saƙonnin abokan ciniki, kwana uku a wurinsa ba ƙaramin abu ba ne. Na biya a take, cikin sa'o'i komai ya dawo, wasu saƙonnin suka shigo daga baya, wasu kuma sun riga sun koma wa masu su. Allah ya taimaka ya kira da wuri. Da abin ya ɗauki makonni, kamfanin rajista zai iya sakin sunan, ya shiga wani wa'adi na kwana 30 da sai an biya kuɗi mai nauyi kafin a fanso shi, sannan bayan ƙarin kwana 5 a goge shi, duk wanda ya riga ya ɗauka. Sunan da aka buga a jikin motoci da takardun kamfani ke nan zai koma hannun wanda ba a sani ba.

Na je har ofishinsa na faɗa masa gaskiyar abin da ya faru, ban ɗora wa na'ura laifi ba. Ya saurara har na gama, sannan ya yi mini tambayar da na daɗe ina juyawa: "To yanzu da a ce Allah ya yi maka rasuwa, shafin nan na waye?" Amsar gaskiya a lokacin ita ce, a takarda nawa ne. Shi ya biya, sunan kamfaninsa ne a kai, amma ba shi da wata hujja ko hanyar shiga. Na riƙe masa dukiya ba tare da ya san ma na riƙe ba.

Tun daga ranar na canza tsari. Domen da sunan mai shi ake rajistarsa, da imel ɗin da yake buɗewa kullum, wanda kuma ba a jikin wannan domen ɗin yake ba, don kada tunatarwa ta maƙale ranar da aka fi buƙatarta. Wurin ajiye shafin ma haka, asusun nasa ne, ni sai ya ba ni izinin shiga. Na san akwai abokan sana'a da suke riƙe waɗannan abubuwa da gangan don kada kwastoma ya guje musu. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Wanda ya zauna da kai don ba shi da hanyar fita, ranar da ya samu ƙofa ba zai waiwayo ba, kuma zai gaya wa kowa dalili.

Wannan lamari ne ya buɗe mini ido na ga cewa ranar miƙa shafi ita ce farkon rayuwarsa. Yawancin ayyukana a kan WordPress nake yin su, manhajar gina shafuka da Matt Mullenweg da Mike Little suka fara fitarwa a 2003. Sauƙinta yana cikin ƙananan manhajojin da ake ɗora mata, wannan na fom ɗin tuntuɓa, wancan na sayar da kaya, kuma ta nan ne ɓarayin intanet suka fi samun ƙofa idan aka bar su ba sabuntawa. Takardar shaidar tsaro ma, wadda ke sa adireshi ya fara da https, tana da nata wa'adin. Wata cibiya mai suna Let's Encrypt ta fara ba da ita kyauta a 2015, mai wa'adin kwana 90, don haka dole a saita ta riƙa sabunta kanta, a kuma riƙa leƙawa a tabbatar ta yi. Daga watan Yuli na 2018 burauzar Chrome ta fara yi wa duk shafin da ba shi da ita alamar cewa ba amintacce ba ne. Waɗanda suka gina shafukansu a kan Flash, manhajar Adobe ta sa hotuna masu motsi da bidiyo a shafi, kuwa sun ga yadda ƙasa ke zamewa a ƙarƙashin mutum, domin Adobe ta janye tallafinta a ƙarshen 2020. Duk wannan aiki ne da ba a gani, kuma da farko kyauta nake yin sa, ina jin nauyin in ambaci kuɗi. Sakamakon haka sai na riƙa yin sa rabi da rabi, idan na tuna. Yanzu kula da shafi yana da nasa layi a yarjejeniya, da abin da ya ƙunsa da abin da za a biya duk wata. Wanda ya ce ba ya so, sai in rubuta masa abubuwan da zai riƙa dubawa da kansa. Wanda ya biya kuwa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: ina da ranar da na ware don wannan kaɗai, kuma kwafin ajiya ba na yarda da shi sai na gwada dawo da shafi daga cikinsa na ga ya tashi.

Maganar yarjejeniya ba sai na ja ta ba. Shafi nawa ne, gyara sau nawa, wa zai kawo rubutu da hotuna kuma yaushe, kason da za a biya kafin a fara. Abin da ya fi tsayar da aiki a wurina shi ne jiran rubutu daga kwastoma, shi ya sa yanzu nake zama da mutum in yi ta tambayarsa harkarsa ina rubutawa.

Akwai kuma wani abu da wata mata mai koyar da yara karatu a gida ta nuna mini ba tare da ta yi niyya ba. Na gama shafinta, a babban allon kwamfutata ya yi kyau sosai. Na ce, "Malama, buɗe a wayarki mu gani." Ta ciro wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, ta rubuta adireshin, muka zuba ido. Farin fili kawai. Sai hoton sama ya fara saukowa a hankali, layi-layi, har ta ɗago ta dube ni. Hoton nan kai tsaye na ɗora shi daga kyamara, nauyinsa ya kai megabait biyar, alhali ana iya rage shi ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma ba tare da ido ya ga bambanci ba. Da ya gama buɗewa, ta nemi lambar wayarta ta rasa, don na kai ta can ƙasa cikin rubutu mai launin toka. Ta ce, "Iyayen yaran nan fa kira kawai suke son yi." Tun 2010 wani mai tsara shafuka, Ethan Marcotte, ya bayyana tsarin da shafi zai riƙa daidaita kansa da girman kowane allo, kuma na karanta, na iya. Google ma, wajen jera sakamakon bincike, ta koma duba fasalin waya na shafi kafin na kwamfuta. Duk na san wannan a ka, amma gani ya kori ji. A daren na rage hotunan, na ɗauko lambar na kawo ta sama da baƙin rubutu, yadda da an taɓa ta kira zai tafi. Yanzu akwai tsohuwar waya mai ƙaramin ƙarfi a kan teburina, kuma ba shafin da ke fita sai ya bi ta cikinta.

Shi dattijon, bayan mako biyu na koma ofishinsa da takarda guda. A ciki na rubuta sunan kamfanin da aka yi rajistar domen, ranar da wa'adi zai ƙare, inda shafin yake ajiye, da inda kwafin ajiya ke zuwa. Muka mayar da rajistar sunansa, ya zaɓi kalmar sirri da kansa, na juya baya lokacin da yake rubutawa. Ya kira babban ɗansa ya nuna masa takardar, sannan ya sa ta a aljihun tebur tare da takardun motocin kamfani. Har yau ni ke kula masa da shafin.