Abin da Na Koya a Shagon Tsofaffin Fayafayai

Lokacin da nake karatu a birnin Birmingham na ƙasar Ingila, kuɗin tallafin karatu ba sa kai ni ƙarshen wata, saboda haka na nemi aikin wucin gadi a wani shagon sayar da tsofaffin fayafayan garmaho, inda na yi kusan shekara biyu ina zuwa ranakun Asabar da Lahadi. Mai shagon wani dattijon Bature ne marar yawan magana, kuma fiye da rabin hajarsa fayafayan kiɗan rok ne na tsakanin 1970 da 1974. Ni kuwa da waƙoƙin Shata da Ɗanƙwairo na tashi a rediyon mahaifina, ban san bambancin ƙungiyoyin rok irin su Led Zeppelin da Deep Purple ba, kuma ban ɓoye masa hakan ba ranar da ya ɗauke ni aiki.

Da wankin fayafayai na fara. Ya koya mini riƙe faifai ta bakinsa da tsakiyarsa ba tare da yatsa ya taɓa layukan sauti ba, da yadda ake karkata shi a ƙarƙashin fitila domin a ga karce, da kuma ƙa'idar cewa duk karcen da farce ya ji, allura ma za ta ji shi. A ɗan filin da ke tsakanin ƙarshen waƙar ƙarshe da takardar tsakiya akwai lambobi da aka zana ƙanana ƙwarai, waɗanda ke nuna ko faifan bugun farko ne ko na baya. A wajen wannan wanki ne na lura da wani abu da ya daɗe yana ba ni mamaki, wato fayafayan da suka yi suna kusan kullum a gaje suke zuwa mana, kwalinsu ya yayyage, da shatin kofin shayi a kai, alhali waɗanda ba wanda ya san su sukan zo garau kamar jiya aka buga su. The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, wanda ya fito a watan Maris na 1973 ya kuma yi fiye da makonni 700 a jerin fayafayan da aka fi saye a Amurka, babu mako guda da ba a kawo mana shi ba, kuma da wuya a sami wanda allura ba ta cinye ba.

Kuskurena mafi girma a kan kiɗan garin da nake zaune na tafka shi. Mawaƙan ƙungiyar Black Sabbath 'yan unguwar Aston ne a nan Birmingham, kuma mai kaɗa musu jita, Tony Iommi, ya rasa kan yatsunsa biyu a wata masana'antar ƙarfe yana ɗan shekara 17, abin da ya sa ya riƙa sanya wa yatsun hular roba yana amfani da tsirkiya mai laushi. Faifansu na farko ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1970 a ƙarƙashin kamfanin Vertigo. Wata Asabar maigida ya fita ya bar mini kwalin fayafayai in sanya musu farashi, na ci karo da wannan faifai, na tuna muna da irinsa a kanta a kan fam 8, sai na manna masa fam 8. Ko minti goma ba a yi ba wani mutum ya ɗauke shi, ya biya ba tare da ya dube ni ba, ya fice da sauri kamar wanda ya bar tukunya a kan wuta. Da maigida ya dawo ya duba littafin ciniki, sai ya tambaye ni a hankali, "Ɗan samari, ka duba takardar tsakiya kuwa?" Ashe bugun farko ne, mai ɗauke da tsohon tambarin kamfanin, wani zane baƙi da fari mai sa jiri idan faifan yana juyawa, wanda aka daina amfani da shi a 1973, kuma kuɗinsa ya ninka abin da na karɓa sau da yawa. Bai cire mini ko sisi daga albashi ba, amma ya sa na kwashe wata guda ina karanta lambobin kowane faifai da ya shigo shagon ina rubutawa a kati.

Daga nan sai na faɗa wani ramin, domin na koma ganin cewa duk faifan da ya yi wuyar samu ya fi wanda kowa ya sani daraja. Na haddace labarin Leaf Hound, waɗanda kamfanin Decca ya fitar da faifansu Growers of Mushroom a 1971 bayan ƙungiyar ta riga ta watse, ya kwanta a kasuwa, sannan daga baya masu tara fayafayai suka riƙa sayen bugunsa na farko da dubban fam. Na fara yi wa masu neman Led Zeppelin kallon 'yan koyo. Maigida bai yi gardama da ni ba, sai dai ya riƙa saka mini irin waɗannan fayafayai ɗaya bayan ɗaya idan shago ya yi shiru, har na saurari kimanin talatin. Gaskiyar da kunnena ya gaya mini ita ce yawancinsu kwaikwayon manyan suke yi, da dogon kaɗa jita wanda ba ya zuwa ko'ina, da waƙoƙin da mutum ke mantawa kafin ya juya faifan. Shi kansa na Leaf Hound yana da daɗi, amma ban ji abin da ya sa zai fi faifan Led Zeppelin na huɗu ba, wanda shi ma a 1971 ya fito. Tsadarsa labarin ƙarancinsa take bayarwa, kuma ƙarancin ya samo asali ne daga rashin masu saye tun farko.

Duk da haka akwai waɗanda aka zalunta da gaske, kuma a nan ne na fahimci cewa tsakanin mawaƙi da mai sauraro akwai dillali da mota da kanta. Ƙungiyar Big Star ta birnin Memphis ta fitar da #1 Record a 1972, masu sharhi suka yaba shi matuƙa, amma kamfanin Stax da ke da alhakin rarraba shi ya kasa kai shi shaguna, sai mutum ya karanta yabo a jarida ya je saye ya tarar babu. Sai bayan shekaru da dama matasan mawaƙa suka tono shi suka ɗauke shi abin koyi. Rodriguez na birnin Detroit kuwa faifansa Cold Fact na 1970 bai yi kasuwa a Amurka ba, ya koma aikin ƙarfi, alhali a Afirka ta Kudu ana sauraronsa gida-gida ba tare da ya sani ba, har sai da aka nemo shi ya je ya yi wasa a can a 1998.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne dab da zan bar aikin. A wani akwati da maigida ya rubuta wa "waɗanda ba a sani ba" na tarar da faifan Try and Love na ƙungiyar Ofege, ɗaliban kwalejin St. Gregory's ta Legas, wanda kamfanin EMI na Najeriya ya fitar a 1973, tare da Chapter One na BLO, su ma 'yan Legas, na wannan shekarar. A shekarar ce kuma Paul McCartney, tsohon mawaƙin ƙungiyar Beatles, ya je ɗakin ɗaukar sauti na EMI da ke Apapa ya ɗauki mafi yawan faifan Band on the Run, wanda muke da shi a kantar gaba inda kowa ke gani. Na ɗauki hoton kwalin Ofege na aika wa kawuna wanda ya yi aiki a Legas a wancan zamani. Nan take ya kira ni yana dariya, ya ce, "Kai yaro, wa ya ce maka ba a san su ba? Ai a lokacinmu ba a yin biki ba a saka wannan faifan ba." Ya rera mini baiti biyu ta waya, da muryar da shekaru suka dusashe.

Na ba maigida labari, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya miƙo mini alƙalami da sabon kati. Na cire fayafayan biyu daga wancan akwati, na buɗe musu wuri a kanta kusa da fayafayan ƙungiyar Osibisa, na rubuta "Legas, 1973" a kan katin, kuma kafin in sanya farashi sai da na karkata kowannensu a ƙarƙashin fitila na karanta lambobin da ke kusa da takardar tsakiya.